Gawa a Ɗakin Sanyi: Yadda Ake Rubuta Wasan Talabijin na Kisan Kai a Cibiyar Bincike

Rubutuna na farko shafi 42 ne, kuma yayata ce ta fara karanta shi a tsakar gidanmu da ke Gangare, tana tsintar shinkafa da hannu ɗaya. Ta shekara 19 tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ita ce mai haɗa sinadarai da kula da na'urori. Da ta kai shafi na 6 sai ta ajiye farantin ta kama dariya har da hawaye. A wurin ne na rubuta cewa mugu ya ɗauko wata kwalba mai koren ruwa, tana tafasa tana hayaƙi, ya ɗiga wa Farfesa a shayi.

Ta ce, "Ƙanena, a ina ka ga koren ruwa? Yawancin abin da muke aiki da shi kamar ruwan famfo yake. Kuma wa ya ce maka ana shan shayi a leb? Ko biro ka sa a baki sai an yi maka faɗa."

Na ce, "Yaya, ai wasa ne."

Ta ce, "To ka yi wasan da ba zai sa mu kashe talabijin ba."

Na yaga shi na sake sabon lale. Abin da ke ƙasa shi ne hanyar da na bi har na kammala kashi 6, kowane na minti 25, kuma ita zan ba duk wanda yake son ya ajiye gawa a cibiyar binciken kimiyya ya sa jami'in bincike ya nemo wanda ya yi kisan.

Ka fara da zuwa wurin. Mu mutanen Jos ba mu da uzuri a nan. Ka hau mota ka wuce Bukuru, ga Vom nan, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, inda aka daɗe ana yin alluran rigakafin shanu da kaji. Tsofaffin makiyaya har yanzu suna tuna bushiya, annobar shanun da sai a 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya. A nan Vom ɗin akwai reshen cibiyar da ke binciken sammore da ƙudan tsando, a cikin gari kuma akwai cibiyar binciken ƙarafa da ma'adinai, ga jami'a da ɗakunan gwajinta. Ka rubuta takarda ka nemi izini, ka faɗi gaskiya cewa kai marubuci ne. Amma in ka zo rubutu, ka ƙirƙiri taka cibiyar da sunan da babu shi a ko'ina. Mutanen da suka karɓe ka suka ba ka kujera bai kamata su kunna talabijin su ga ka jefa musu gawa a ofis ba.

In ka shiga, idonka zai tafi kan madubin ganin ƙwayoyin cuta da manyan injuna. Ka janye shi. Takardu za ka duba. Ban taɓa ganin wurin da ake rubuta komai da komai kamar cibiyar bincike ba. A ƙofa akwai rajistar mai gadi, wa ya shiga, ƙarfe nawa, wa ya fita. Akwai littafin makullai. A jikin firiza, musamman irin wadda ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, akwai takardar da ake rubuta awon sanyi safe da yamma, wasu ma da 'yar na'ura mai ajiye lissafin da kanta. Kowane mai bincike yana da littafin aikinsa mai kwanan wata, ba a yage masa shafi, in an yi kuskure layi ɗaya ake ja a kai a bar shi yana karantuwa. Can bayan gini kuma, a ɗakin da ba wanda ke leƙawa, akwai littafin janareta: ƙarfe nawa aka ɗauke wuta, ƙarfe nawa aka tayar da inji, lita nawa na dizal aka zuba.

Wannan littafin mai ɗauke da tabon baƙin mai shi ne ya kama mini mai kisan. Zan dawo kansa.

Kafin nan sai ka san abin da zai sa mai digiri uku ya kashe abokin aikinsa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai kallo ba zai yarda da "mahaukacin masanin kimiyya" ba. Ka zauna a kantin cin abincin ma'aikata ka saurara, za ka ji abin da ke cin ran mutane. Ƙarin girma a wannan aiki ya dogara da yawan muƙalun da mutum ya wallafa a mujallun ilimi, saboda haka sunan wa zai zo farko a kan muƙala ba ƙaramin rikici ba ne. Akwai wanda ya kwana shekara 3 yana aikin, oga ya sa sunansa a gaba. Akwai ma'aikacin leb irin yayata, wanda da hannunsa aka yi gwajin amma sai dai a gode masa a ƙasan shafi. Akwai kuɗin tallafi daga ƙasashen waje da wanda ke sa hannu a kansu, akwai tafiyar taro zuwa Turai, akwai kujerar darakta in ta kusa zama babu kowa. Mafi nauyi a cikinsu shi ne ƙirƙirar sakamako. Mutum ya yi alkawarin cewa maganinsa yana aiki, aka ba da kuɗi, gwaji ya ƙi, sai ya gyara alƙaluma. In aka gano, an janye muƙalarsa, sunansa ya mutu a fagen ilimi har abada. Wannan na ɗauka. Farfesa ya lura cewa alƙaluman da ke littafin aikin tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu Dakta ne kuma mataimakinsa, sun yi kyau fiye da kima, ya kira shi ya ce ranar Litinin zai kai maganar gaba.

Abu ɗaya nake roƙonka a nan, tunda a Jos muke: kada ka ɗora dalilin kisan a kan addini ko ƙabila. Garin nan ya ga abin da ya ishe shi. Ka cika cibiyarka da Birom da Bahaushe da Angas da Bayarabe da Ibo kamar yadda kowace ma'aikata take, ka bar hassada da tsoron tonon asiri su yi aikinsu.

Yanzu ka ajiye rubutun wasan tukuna. Ka ɗauki farar takarda ka rubuta daren kisan da agogo, daga ɓangaren wanda ya yi shi, ba tare da ɓoye wa kanka komai ba. Nawa ga yadda yake. Daren Alhamis ne cikin Janairu, hunturu ya kankama. Ƙarfe 8 aka ɗauke wuta, aka tayar da babban janareta. Ƙarfe 9 da rabi mai kula da inji ya kashe shi saboda dizal ya yi ƙasa, ya bar ƙaramin da ke riƙe firizoji da ɗakin sanyi kaɗai. Wajen ƙarfe 10 gardama ta yi zafi tsakanin Farfesa da Dakta a leb ɗin ƙasa, da fitilar waya suke gani, Dakta ya ture shi, ƙeyarsa ta bugi gefen teburin siminti. Sai tsoro ya zo. Ya ja gawar zuwa ɗakin sanyi, ya turo tukunyar ruwan naitirojin a kan keken ɗaukar kaya ya ajiye kusa da ita, don da safe a ce hatsari ne. Ƙarfe 12 da minti 5 ya sa hannu a rajistar ƙofa ya fita.

Sai ka yi wa kowane mutum da ke cikin harabar a wannan dare irin wannan jadawalin: mai gadi, mai inji, 'yar bautar ƙasa da ta dawo ɗaukar cazarta, akanta da ya tsaya yana gyara wasu takardun da bai kamata a gani ba. In ba ka yi wannan ba, za ka kai kashi na 4 ka tarar mutum ɗaya yana wuri biyu a lokaci guda. Ya faru da ni.

Me ya sa naitirojin? Saboda hatsarinsa na gaske ne kuma duk ma'aikacin leb ya san shi. Sanyinsa digiri 196 ne ƙasa da sifili, da shi ake ajiye ƙwayoyin halitta da maniyyin bijimai. Lita ɗaya in ta koma iska tana kai kusan lita 700, ba ta da launi ba ta da wari, tana ture iskar oksijin da ke kashi 21 cikin 100 na abin da muke shaƙa, mutum ya faɗi bai san me ya same shi ba. Don haka da aka ga Farfesa kwance kusa da tukunya, kowa ya ce ƙaddara ce. Amma ɗakin sanyi a rufe yake ruf, iska ba ta zagayawa, shi ya sa doka ce ba a ajiye naitirojin a ciki. Yayata ce ta ba ni wannan. Ta ce, "Ko ɗalibin da ya zo koyon aiki na wata 3 ya san haka, balle Farfesa." Na sa wannan jimlar kusan yadda ta faɗe ta a bakin wata dattijuwar ma'aikaciya a kashi na 2, tana faɗa tana goge tebur, ba wanda ya kula ta sai sufeton da ke binciken mutuwar.

Ka lura ban bar kimiyya ta yi kisan ba. Ture shi aka yi ya faɗi, irin abin da zai iya faruwa a tasha ko a kasuwar Terminus. Kimiyyar mayafi ce kawai da mai laifi ya lulluɓa. Kuma ko da labarinka ya buƙaci guba, kada ka nuna sunanta da adadinta da yadda ake haɗawa. Ba darasi kake koyarwa ba, yara ma suna kallo.

Sai gawa. A nan ne marubutanmu suka fi kwafsawa, likita ya taɓa wuyan mamaci ya ce ya mutu ƙarfe 10 da minti 17. Babu likitan da zai faɗi haka. Tazara yake bayarwa. Jiki yana fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, daga muƙamuƙi da wuya, ya cika wajen awa 12, ya sake saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Zafi yana hanzarta wannan, sanyi yana jinkirta shi, to ga gawa a ɗakin da ke digiri 4, lissafin ya rikice. Wannan alheri ne gare ka, domin dole jami'inka ya nemi lokacin a wani wuri. Akwai kuma kwanciyar jini: in zuciya ta tsaya, jini yana gangarawa ɓangaren jikin da ke ƙasa, bayan wasu awanni ya zauna a nan. A baƙar fata ba ya fitowa sosai a ido, sai gwani ya duba da kyau, kuma wannan ma za ka iya amfani da shi, ɗan sandan farko bai gani ba, likitan binciken gawa ya gani.

Amma kafin a kai ga likita akwai dangi. Wannan ne wurin da wasanmu zai fi na Turawa armashi in ka iya shi. An tsinci Farfesa da safiyar Juma'a. Kafin ƙarfe 10 ƙannensa sun iso da likkafani, an aika a haƙa kabari, ana so a yi masa sallah bayan an sauko daga masallaci. Ga sufeto yana cewa sai an duba gawa. Na ba wannan fitowar minti 4 cur, ita ce mafi tsawo a kashi na 1. Babban ƙanen ya ce, "Yallaɓai, mutum ya riga mu gidan gaskiya, me za ku yanka ku gani? Ku bar mu mu suturta ɗan'uwanmu." Sufeto bai ɗaga murya ba, ya ce, "Alhaji, Allah ya jiƙansa. Ni ma na binne uba. Amma in wani ne ya taɓa shi, kuna so ya zo ya zauna tare da ku a zaman makoki yana karɓar gaisuwa?" Kada ka mai da dangin jahilai. Suna da gaskiyarsu, shi ma yana da tasa. A nawa, matar marigayin ce daga bayan labule ta ce a bar hukuma ta yi aikinta.

Jami'in binciken naka kada ya zama masanin kimiyya. Nawa sufeto ne ɗan shekara hamsin da ɗoriya, daga sashen binciken kisan kai na 'yan sandan ciki, wanda ilimin kimiyyarsa ya tsaya a sakandare. Rashin saninsa shi ne ƙofar mai kallo, duk abin da bai gane ba sai ya tambaya, a yi masa bayani da Hausar da kowa zai ji. Manyan cibiyar suna raina shi, suna yi masa Turanci mai kauri, shi kuma yana "ranka ya daɗe, a yi haƙuri a sake maimaita mini". Ya fi zama da ƙananan ma'aikata. Da ɗan gari akan ci gari.

Ka kuma bi tsarin aikin yadda yake. Ofishin 'yan sanda na yanki ne ke fara zuwa, daga nan a miƙa maganar kisa ga sashen binciken manyan laifuka na jiha, a aika fayil ma'aikatar shari'a don shawara, babbar kotu ce ke yin shari'ar. Kada sufetonka ya mari mutum har ya amsa laifi. Dokar shaida ta 2011 ba ta karɓar furucin da aka samu ta hanyar tilas, akwai kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Ban da haka ma, in mari ne zai warware labarin, me ya sa muka zauna mako 6?

Za a ce maka ka sa gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, tunda shi ake yayi. Gaskiya ne tun 1984 Alec Jeffreys ya gano hanyar a Ingila, kuma Legas ta buɗe cibiyar yin irin wannan gwaji a 2017. Sai dai ka yi tunani: duk waɗanda ake zargi a nan suke aiki kullum. Zanen yatsun Dakta a ƙofar ɗakin sanyi ba ya nufin komai, sau goma yake buɗe ta a rana. Abin da ya fi amfani shi ne tsohuwar ƙa'idar Edmond Locard, Bafaranshen da ya kafa ɗakin binciken 'yan sanda a Liyon a 1910, cewa duk wanda ya taɓa wuri sai ya bar wani abu ya kuma tafi da wani abu. Dakta ya bar ƙarar keken ɗaukar kaya mai tayar da ke kuka, wadda Baba mai gadi ya ji cikin dare ya ɗauka ɓera ne ko iska. Ya kuma tafi da ƙuna a yatsu biyu, domin cikin gaggawa da duhu bai sa safar hannu mai kauri ba, kuma tsananin sanyi yana tayar da bororo kamar wuta. Tun kashi na 1 mai kallo ya ga filasta a hannunsa a wurin ta'aziyya. An tambaye shi ya ce lagireton mota ne.

Ƙa'idar da ba na sassauci a kanta ke nan: duk abin da sufeto zai kafa hujja da shi a ƙarshe, sai mai kallo ya riga ya gan shi da idonsa. Ba a fito da wasiƙar ɓoye ko tagwaye a kashi na 6. Dabarar ita ce ka nuna abu alhali hankali yana wani wuri. Lokacin da kyamara ta nuna filastar, a daidai nan akanta ya shigo yana zufa cikin sanyin Janairu, kowa ya bi shi da ido. Waɗanda ake zargi kada su wuce 4 ko 5, kuma kowannensu ya yi wa sufeto ƙarya saboda wani dalili nasa. Akanta yana ɓoye kuɗin dizal da ya karkatar. 'Yar bautar ƙasa tana ɓoye wanda ya rako ta. Mai inji yana ɓoye cewa ya kashe janareta da wuri ya tafi shan shayi a bakin titi. Biri ya yi kama da mutum sau uku kafin a zo kan na gaskiya.

Ƙaryar mai inji ce ta riƙe labarin. Ya ce wa sufeto ya bar babban inji har 12 kamar kullum, don tsoron a ce ya bar aiki. Dakta kuma, da yake ya san al'adar ke nan, ya ce yana ofishinsa na sama har tsakar dare yana buga rahoto a kwamfutar tebur yana fitarwa a firinta. Maganganun biyu sun dace, aka wuce. Sai a kashi na 5 sufeto ya je bayan gini neman wurin alwala, ya ga littafin a rataye da igiya. Mai inji ya yi ƙarya da baki, amma hannunsa ya saba, ya rubuta 9:30 saboda da wannan littafin ake lissafin man da zai karɓa. Babu wuta a ofisoshin sama tun daga lokacin. To da me Dakta ya kunna firinta, kuma me yake yi cikin duhu awa biyu da rabi? Daga nan sufeto ya nemi lissafin na'urar ɗakin sanyi, ya ga sanyin ya ragu wajen 10:40 kamar an bar ƙofa a buɗe, ya koma wurin Baba mai gadi ya turo masa keken ya ce, "Baba, irin wannan kukan ka ji?"

Maganar ɗauka ba ta da yawa. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, saboda haka kashi na minti 25 kada ya wuce shafi 25 sosai, kuma ka yanke kowane kashi a kan tambaya. Wurare 5 sun ishe ka: leb, ɗakin sanyi, ofis, ƙofar shiga, gidan makoki. Ma'aikata ba sa wuya a garin nan, hukumar fina-finai ta ƙasa tana Jos, ga makarantarta ta koyon fim, ga kwalejin talabijin a Rayfield, ɗalibai suna neman inda za su gwada hannu. Leb na makarantar sakandare ranar Lahadi zai yi in ka cire hotunan bango ka manna takardun awon sanyi. Kada ka kawo naitirojin na gaske wurin ɗauka ko da wani ya ce zai samo maka. Kada ka rataya wa mai bincike abin sauraron ƙirji a wuya, ba likitan asibiti ba ne. Kuma in jarumi ya sa safar hannu, kada ya ɗauki waya ko ya sosa fuska da ita. Wannan ma yayata ce ta tsaya a bayan mai kyamara ta sa aka sake ɗauka sau 3.

Ɗakin sanyin namu sito ne na wani mai sayar da dankali a Farin Gada, muka liƙa masa farar leda a bango. Darakta yana so a ga tururin numfashi yana fita daga bakin sufeto, ba mu da kuɗin na'urar yin hazo. Sai muka ɗauki fitowar ƙarfe 5 na asuba cikin Janairu, ƙofa a buɗe, jarumin ya kurɓi ruwan zafi kafin a ce a fara. Wanda ya fito a gawa kuwa sai da muka shimfiɗa masa bargo biyu a ƙarƙashin farar rigarsa, duk da haka haƙoransa suna kaɗawa, mai ɗaukar sauti yana ta ƙorafi.